Marin Da Bai Tuna Ba

Tun da maigidana ya faɗo daga kan rufi ya bugu a ka, shekara shida suka goge fes daga ƙwaƙwalwarsa. Ya san ni, ya san yaranmu, hannunsa bai manta zarto ba. Amma zafin ran da ya sa ake ce masa Barkono ya tafi, ni kuwa ban yi kewarsa ba.

Ranar da ya koma shagonsa na kafinta ya ga bencin aiki biyu, sai ya tambaye ni ina ƙaninsa. Na yi ta kwana-kwana, ya tsare ni da ido, dole na faɗa. Shi ya kore shi kan katako ɗaya da ya yanke ba daidai ba, ya kuma kwaɗa masa marin da ya kashe masa kunnen hagu.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce in raka shi. Na ce likita ma ya ce kamar sabon mutum yake yanzu, a bar kaza cikin gashinta. Takalmi kawai ya saka.

Mun tarar da ƙanin a ɗan shagonsa na bayan tasha, yana goge ƙafar kujera. Ya tarbe mu kamar baƙi, har da kakkaɓe mana benci. Da maigidana ya nemi gafara, sai ya yi murmushi ya ce babu komai, wanda ya mare shi ai ya tafi tun ranar faɗuwar, ba zai kama bawan Allah da laifin wani ba. Na ji daɗi, har na miƙe.

Maigidana bai motsa ba. Ya ce, "A ɗakin wancan mutumin da ka ce ya tafi nake kwana, 'ya'yansa Baba suke ce mini. Na karɓi duk wannan, sai laifin ne zan ce ba nawa ba? Ni ne na mare ka."

Ƙanin ya ci gaba da gugarsa. Washegari muka koma, haka ma kwana na uku, har na fara jin kunyar masu shagunan layin.

A rana ta huɗu murmushin ya ƙare. Ƙanin ya yi jifa da guduma, ya zazzage masa duk abin da ya haɗiye: yadda aka yi masa dariya, yadda har yau sai ya juya kai kafin ya ji kiran 'yarsa. Na tsorata ƙwarai, maigidana kuwa yana tsaye, bai kare kansa da kalma ɗaya ba.

Daga ƙarshe ƙanin ya share ido ya ce, "Ban yafe ba, Yaya. Ka dawo gobe."

A hanya na ce ga abin da naci ya jawo masa. Ya girgiza kai ya ce, "Kwana uku yana yafe wa baƙo. Yau da ni ya yi magana."