Pizar Lailatu a Kwano Biyu

Wata uku Lailatu tana roƙon mahaifinta, Malam Jafaru, ya bar ta ta je Maradi lakwal, makarantar koyon girki. Kullum amsarsa ɗaya: macen da ta iya tuƙa tuwo, me kuma za a koya mata? Da ta matsa, sai ya gindaya sharaɗi. Ran kasuwa abokan cinikinsa na dabbobi za su zo daga Ɗan Gulbi, mutum huɗu. Ta dafa musu wannan abincin zamani da take ta faɗa. In kwano ya dawo babu komai, zai sa mata hannu a takardar shiga lakwal ɗin.

Piza ta zaɓa, gurasar nan ta Turawa da ake gasawa da nama da cuku a samanta. Ta koya ne a Yamai, lokacin da ta zauna wurin yayarta Hafiza, hannun wata maƙwabciyarsu 'yar Indiya wadda ke yin tata da kayan ƙamshin ƙasarsu. Tun da safe Lailatu ta kwaɓa garin alkama ta rufe ya tashi. Ta jiƙa tsokar kaza cikin kindirmo da kurkum da citta da tafarnuwa da ɗan hulba, ta soya albasa da tumatir har ruwan ya ƙone ya yi kauri. Cuku kuwa sabo ta samu wurin wata mata daga Azagor, wanda bai riga ya bushe ba, ta marmasa shi a sama. Ba su da tanderu, don haka ta kifa faranti cikin babbar tukunya, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ta farko ta ƙone. Huɗu suka fito lafiya, gefensu ya yi ja, kazar ta yi rawaya.

Ta jera su a tire, ta yanka kowace gida shida, ta rufe da faifai. Hayaƙi ya kama mata jiki, sai ta shiga wanka.

Da ta fito, tiren na nan, babu komai a kai. Goggo Dela, ƙanwar mahaifinta da ke zaune tare da su, tana bakin murhu tana wanke wuƙa.

"Goggo, ina abincin?"

"Na kai. Baƙi sun iso tun ɗazu, ke kina can kina ta dirzar ƙafa."

"Kin kai a me? Ga tiren nan."

"A kwano mana, kamar yadda mutane ke yi. Ki gode Allah na leƙa. Miyar taki duk ta bushe ta manne wa gurasar. Da ƙyar na kankare ta."

Lailatu ta tsaya da zane a hannu. "Kin kankare?"

"Tas. Na ƙara ruwa, na sa daddawa da ɗan garin kuka don ta kama jiki, ta tafasa. Gurasa kwano guda, miya kwano guda. Ke a gidan wa kika taɓa ganin an kai wa baƙo abinci ba kwanon miya? So kike su koma Ɗan Gulbi su ce gidan Jafaru gaya ake ba mutane?"

"Goggo, haka ake cin ta! Ba miya ba ce! Tun asuba nake kan wannan abu. Daddawa? Daddawa a kan cuku?"

"To da mi za a sa? Ni fa ban ji ko ƙamshin miya a ciki ba, sai warin maganin sanyi."

"Sai ki tambaye ni! Bango ɗaya ne tsakaninmu. Ki ɗaga murya kawai!"

"In tambaye ki? Ni da na yi miki wankan jego, ke da uwarki?" Goggo Dela ta ajiye wuƙar. "Kin ji min ɗiya. An rufa mata asiri tana faɗa."

Lailatu ta leƙa tukunyar. A ƙasa akwai sauran ruwa kore-kore mai yauƙi, ɗan guntun kaza na yawo a ciki. Ta zauna kan turmi, ta kasa ko kuka. Abin da ya fi ƙona mata rai, Goggo ba mugunta ta yi ba. Ta ma zaɓi kwanukan da ta fi so, na cikin kabad ɗinta, waɗanda ba ta yarda kowa ya taɓa.

Bayan la'asar Malam Jafaru ya shigo da kwanukan da kansa. Ya ajiye su a tsakar gida, ya buɗe. Har gefen an suɗe.

"Sun cinye," ya ce. "Ɗaya daga cikinsu ma, Hamani, cewa ya yi a tambayo masa yadda ake wannan miya, matarsa ta koya."

"Baba, ba abin da na dafa ba ne suka ci," in ji Lailatu. "Goggo ce ta kankare shi ta mayar miya. Nawa ba wanda ya ɗanɗana. Ko kai ba ka gan shi ba."

"Busasshe ƙamas ba ruwa, Yaya," Goggo Dela ta sa baki. "Da ka gan shi da ka ji kunya."

Malam Jafaru ya dubi ƙanwarsa, ya dubi 'yarsa, ya shafa gemu. "Wato da Dela ba ta kusa, busasshen abu za ki aika wa baƙina?"

"Ba busasshe ba ne, Baba, haka..."

"Ya isa. Ni da na ɗauka kin iya girki, shi ya sa nake cewa zuwa Maradi ɓata lokaci ne. Ashe ko miya ba ki iya tsayar wa ruwa ba. Kawo takardar. Gara ki je a koya miki tun kafin ki kunyata mu a gidan wani."

Lailatu ta juya. Ta shiga ɗaki ta ɗauko takardar da biro, ta miƙa masa da hannu biyu, fuskarta a ɗaure. Ya ɗora a gwiwa ya sa hannu a hankali.

"In kin je," in ji Goggo Dela, "ki ce su fara miki da miya."

"Goggo, don Allah ki ƙyale ni."

Ta ninke takardar, ta wuce ɗaki, ta saki labule da ƙarfi.