Rubutun Fensir a Bayan Littattafan Eftimia Hotea

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, kuma ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba. Sau uku ina yage farkon nan. Abin da ya sa na daure shi ne, a cikin duk waɗanda suka zauna taron, ni kaɗai ce ban faɗi maganar kaina ba, ta wasu na yi ta faɗa, don haka ina ganin na fi kowa kallo.

Sunana Damaris, shekarata goma sha shida. A cocinmu na Baftis, a ƙauyenmu da ke kan hanyar garin Sighet, ni ke riƙe da makullin kabad ɗin littattafai. Kabad ɗaya ne tak, a ɗakin baya inda ake rataye rigunan sanyi, kusa da murhun itace. Mamata ta ce an ba ni makullin ne don ko an ba ni ko ba a ba ni ba, can za a same ni.

Bakwai daga cikin littattafan na Eftimia Hotea ne. Ba wanda ya taɓa ganinta a ƙauyenmu. An ce tsohuwar malamar makaranta ce a wani gari can kudu. Huɗu na tarihi ne, zamanin da mayaƙan Tatar ke tsallako duwatsu suna ƙone majami'u. Uku kuma na wata ƙasa ce da ba ta cikin taswira, inda wani maciji mai fukafukai ke kwance ƙarƙashin dutsen gishiri, yana yi wa kowa magana da muryar wanda ya fi ƙauna. Na karanta su duka, wasu sau biyar. Akwai wani wuri a na ƙarshe da har yau in na iso shi sai na rufe littafin na ɗan zagaya gida kafin in ci gaba.

Tun kafin a haife ni akwai wata al'ada a kabad ɗin nan. Duk wanda ya gama littafi, sai ya rubuta abin da ya gani da fensir a fararen shafukan baya. Ba a sa suna, sai shekara kawai, ba a kuma tambayar wane ne ya rubuta, ko da ka gane hannun. Da shafukan suka cika aka riƙa manna takarda da ƙullun fulawa, shi ya sa littattafan Eftimia duk suka yi ciki ta baya, ba sa rufuwa.

Wanda ya ce a fitar da su daga coci Ɗan'uwa Nistor ne, dattijon da ya fi kowa shekaru a cikinmu. Kada ku ɗauka mugu ne. A zamanin kwaminisanci shi ke shigo da Littafi Mai Tsarki ƙauyukan nan, a ɓoye cikin amyoyin zuma, a bayan keken doki. An kama shi sau biyu, kuma haƙoransa na gaba can ya baro su a ofishin 'yan sandan ciki. In ya tashi zai yi magana a coci, ko jariri shiru yake yi. Wata Lahadi ya shigo ɗakin baya neman hularsa, ya tarar da ni ina mayar da littafin macijin. Ya kalli hoton bangon littafin, ya kalle ni, ya ɗauki hularsa ya fita. Sati na zagayowa fasto ya sanar da taron membobi bayan sujada.

A wurinmu da wake ake yanke magana. Kowane memba da aka yi wa baftisma ana ba shi fari ɗaya da baƙi ɗaya, ya jefa wanda ya ga dama cikin tulu, ɗayan ya sa a aljihu. Fari, littattafan su zauna. Baƙi, a kwashe. Ni ba a yi mini baftisma ba tukuna, sai bazara, don haka ba ni da wake. Abin da Fasto Beniamin ya ce in yi shi ne in kawo littattafan, in karanta wa jama'a abin da aka rubuta a baya, tunda ni na san inda komai yake. Ni da ko amsa waƙa ba na ɗaga murya.

Ranar an fara dusar ƙanƙara. Mutum talatin suka zauna da rigunansu a jiki, ƙamshin sarmale, naɗin kabeji da nama, na shigowa daga kicin, inda mata suka ɗora tukunya don bayan taro. Ɗan'uwa Nistor ya fara. Bai yi tsawa ba. Ya ce shi bai karanta ko ɗaya ba, ba kuma zai karanta ba. Ya ce akwai lokacin da kwafin Littafi Mai Tsarki guda ɗaya ke zagaya ƙauye uku, mutane na kwafe Zabura da hannu don kada ta wuce su; yau an samu 'yanci, sai aka cika ɗakin Ubangiji da maciji mai magana, alhali kowa ya san inda maciji mai magana ya kai mu tun farko. Gaskiya, da ina da wake a wannan minti, ban san wanda zan jefa ba.

Sai aka ce in tashi. Na buɗe na farko, na karanta: "Babi na tara ƙarya ne. Ba mai dafa tuwon mamaliga da murfi a kai. Amma sauran, Allah ya yi mata albarka, na ƙona madara sau biyu ina karantawa."

Aka yi dariya. A ƙasan rubutun wani ya amsa da wani hannu: "Mai madara, a lokacin yaƙi suke, bar su su rufe tukunyarsu." A ƙasan wannan kuma hannun farko ya dawo, bayan shekara biyu: "Yaƙi ba hujja ba ne."

Ɗan'uwa Nistor ya ɗaga sandarsa kaɗan. Ya ce maganar da ba ta da mai ita ba shaida ba ce. In ana so a saurare ta a taron coci, wanda ya rubuta ya miƙe tsaye ya amsa ta. Fasto ya ce ai al'adar kabad ba haka take ba, dattijon ya ce masa al'adar kabad ba ta cikin Nassi. Sai na ji kujera ta yi ƙara. Tanti Veta ce, mai sayar da cuku, ta miƙe tana gyara ɗankwali.

"Ni ce mai madara," ta ce. "Kuma ina nan kan bakana."

Daga baya nenea Costan, wato kawu Costan, direban babbar mota, ya miƙe da ƙyar saboda tumbi, ya ce shi ne mai yaƙi.

"Na sani, sakarai," in ji tanti Veta. "Wa ke rubutu kamar kaza ta bi ta kan laka in ba kai ba?"

"To shekara tara kina gaishe ni, ba ki ce komai ba?"

"Ka'ida ce. Ni ba irinka ba ce."

Daga nan abin ya canja. Ina karantawa, mutane na miƙewa. Ban taɓa ganin irinsa ba. Shekaru ina karanta rubutun nan ni kaɗai a gindin murhu, na saba da hannuwan kamar muryoyi a bayan bango, yau ga su da fuska. Wanda ya rubuta cewa ya karanta littafin macijin a wurin ajiye motoci a Sifen, ya ji muryar da macijin ya ara ta zama ta kwalbar giyar da ya bari, ashe wani mai gyaran rufi ne da ke zama a layin ƙarshe, wanda ban taɓa jin ya haɗa kalma biyar ba. Wadda ta rubuta cewa ta riƙa fassara littafi na uku, shafi-shafi, ga wata tsohuwa da take jinya a Italiya, kuma tsohuwar ta rasu saura babi biyu, ita kuwa ta ƙarasa mata a bakin kabari, ashe malamarmu ce ta makarantar Lahadi. Ba duka ne yabo ba. Wani ya ce Eftimia na kashe mutanen kirki da sauri ta bar mugaye su tsufa. Wata ta ce addu'o'in sun yi tsawo, ba mai addu'a haka da takobi a wuyansa. Su ma suka miƙe. Nenea Costan ya ce wa mai maganar addu'ar ai ita ma in ta fara tata addu'ar, sai miya ta huce. Can na ɗaga kai na ga rabin ɗakin a tsaye, ba wanda ya koma ya zauna.

Na zo kan na huɗu cikin na tarihi, Matar Mai Ƙararrawa. Labarin wata mata ce da mijinta ke tsallakar da Linjilar cocinsu ta kan dutse duk sanda aka ji Tatar na tafe, ita kuma tana gida. A bayansa akwai wani rubutu da tun da dare na yanke ba zan karanta ba. Na yi na samansa, na juya takardar da sauri.

"'Yata," in ji Ɗan'uwa Nistor, "kin tsallake."

Na ce ya goge, ba ya karantuwa. Ƙarya na yi, a cikin coci, kuma fuskata ta tona ni. Ya ce idonsa ya mutu ga ƙananan haruffa amma bai mutu ga yatsu ba, ya ga na haɗa shafi biyu. Ya ce ba a zaɓar shaida. In an fara, a karanta duka, mai daɗi da marar daɗi. Na dubi fasto, ya gyaɗa kai, don shi bai san abin da ke wurin ba.

Na karanta. Ga shi kamar yadda yake:

"Shafi na 212. Matar nan da ke zuba abinci kwano biyu kullum don kada maƙwabta su gane mijin ba ya nan, sannan ta juye wa kare ɗaya. Haka na yi shekara shida. Nawa mijin da ƙamshin kakin zuma yake dawowa. Ban taɓa gaya masa yadda nake tsoro ba, don shi aikin Ubangiji yake yi, ni kuwa tsoro kawai nake yi, na ɗauka zunubi ne. Matar nan ma ta ji tsoro, kuma marubuciyar ba ta tsawata mata ba. Na gode."

Ba wanda ya miƙe. Kowa ya san dalili. Lele Parasca, matar Ɗan'uwa Nistor, ta rasu shekara huɗu ke nan. Ni a sanina mace ce mai shiru, mai raba wa yara tuffa a ƙofar coci. Ban taɓa ganinta a bakin kabad ba, ashe tun kafin a ba ni makulli take zuwa. Itace ya fashe a murhu. Tanti Veta ta kama bakin ɗankwalinta ta toshe baki. Waɗanda ke tsaye suka rasa ko su zauna.

Ya miƙo hannu, na kai masa littafin. Ya kusantar da shi ga fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa takardar, ya daɗe a haka. Sannan ya tambaye ni, a hankali, wace shekara ce a ƙasa. Na gaya masa. Ya ce a shekarar ya yi mata faɗa kan tana ƙona fitila.

Fasto ya tambaya ko a ɗage taron. Ya ce a'a, an tara mutane, a kawo tulu.

Aka zagaya da shi. Kowa ya dunƙule hannu ya saka, ba ka jin komai sai ƙarar wake a gindin tulu. Da aka zo kansa bai dunƙule ba. Ya ɗaga waken tsakanin yatsu biyu yadda kowa zai gani, baƙi ne, ya jefa. Ya ce maciji dai maciji ne, bai canja ba. Amma ɗaya hannun na kan littafin, a kan gwiwarsa, yatsa a tsakanin shafuka.

Fasto ya juye tulun a kan farin ƙyalle ya ware. Fari goma sha tara, baƙi goma sha ɗaya. Littattafan za su zauna. Ba wanda ya yi murna a fili. Aka yi addu'a gajera, sannan mata suka nufi kicin, aka fara jan tebura. Na ji nenea Costan na tambayar tanti Veta ko an rufe tukunyar sarmale, ta ce ya zo ya sa kansa a ciki ya gani.

Aikina ne in tattara littattafan in kulle kabad. Na jera shida a kan tebur. Na bakwai yana wurin Ɗan'uwa Nistor, bai tashi daga kujerarsa ba, ya ciro tabarau yana neman wani shafi a tsakiya, yana lasar yatsa yana juyawa ɗaya-ɗaya. Ka'ida ita ce ba a fita da littafi sai an nemi izinin mai makulli. Na tsaya ina tunanin yadda zan je in ce masa ya ba ni, ko yadda shi zai buɗe baki ya roƙi yarinya kamata aron littafin da ya jefa wa baƙin wake. Duka biyun ban iya ba.

Na ɗora makullin a kan littattafai shidan, don in ba mai makulli, ba wanda zai roƙa. Na zare rigata daga ƙugiya, ban tsaya sa ta ba, na bi ta ƙofar baya wajen rumbun itace. Mamata na can wajen tebura tana rarraba faranti, ba ta waiwayo ba.