Zane Mai Zuba

Direba ya matse zanen ƙarshe ya yarfa shi a kan igiya yana waige-waige. Gari bai gama wayewa ba, ƙofofin gidan hayar duk a rufe suke. Ya jera kayan yadda suka zo hannunsa: wandonsa, farar rigar makarantar 'yarsa, sai zannuwan matarsa. Da wurin shanya ya ƙare masa, ya ɗora wani jan zane a kan farar rigar, gefensa yana taɓa zanen gadon wani da ya kwana a igiyar.

Matarsa ta bar gidan tun makon jiya, ta koma wurin yayanta, ta ce ba za ta dawo ba. Tsohuwa mai gidan kuwa tana da doka guda da kowa ya sani: ba ta ajiye gwauro a cikin matan aure. Shi ya sa ya gaya wa maƙwabta cewa maman yarinya ta sami aiki a gidan burodi, tana fita kafin kowa ya tashi, ba ta dawowa sai an kwanta. Don maganar ta zauna, yakan ciro zannuwanta daga akwati ya wanke ya shanya, ko da ba wanda ya ɗaura su.

Ya yini yana jan bas cikin cunkoso da ihun fasinjoji. Da yamma ya shigo gida, ya tarar da matan sun baje a tsakar gida, Tsohuwa a kan kujerarta a tsakiya. An kwashe duk shanya, an bar tasa kawai da zanen gadon. Jan zanen sabo ne, ba a taɓa wanke shi ba, ya zuba. Rigar makarantar ta yi jirwaye tun daga wuya har ƙasa, zanen gadon nan ma ya sha nasa rabon. Na Tsohuwa ne.

"Sannu da aiki, angon mai burodi," in ji matar Tela. "Ya gajiyar mutuniyar?"

"Tana nan lafiya. Ta ce a gaishe ku."

"Muna amsawa. Kai, aikin nan ya canza ta! Matar da ke yi mana faɗa in mun matso da baƙin siket kusa da farin kayanta, yau ita ce da haɗa ja da fari?"

"Gajiya ce," wata ta ce. "Ba ku ga ko mayafi ba ta sakawa yanzu ba? Zannuwa kawai ake wankewa."

Suka kwashe da dariya har da tafawa. Direba ya yi yaƙe. 'Yarsa, wadda ake kira 'Yar Baba, tana tsaye a bakin ƙofarsu da bokiti a hannu. Shekararta tara.

Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta nuna zanen gadon da sandarta.

"Ɗan nan, tambaya ɗaya zan yi maka. Wa ya yi shanyar nan? In matarka ce, zan zauna a nan har ta dawo, ta zo ta ba ni haƙuri da bakinta. In kuma kai ne, sai ka faɗa mini abin da ya sa namiji mai mata yake wanke zani da asuba kamar ɓarawo."

Ya tuna yadda ya sha yawo kafin ya sami ɗakin nan, kusa da tasha, kusa da makarantar yarinyar. Ya duba hagu ya duba dama, idonsa ya sauka a kan 'yarsa.

"Wannan ce, Inna. Uwarta ta wanke ta ce ta shanya, ita kuma ta yi shirme."

Yarinyar ta ɗago kai ta dube shi.

"Ikon Allah," in ji matar Tela. "Ashe ta yi tsawo ba mu lura ba. Zo nan, 'Yar Baba, taɓa mana igiyar mu gani."

Yarinyar ta ajiye bokitin ta zo. Ta miƙa hannu, ta yi ɗage, yatsunta ba su kai ko kusa ba. Aka sake fashewa da dariya.

"Kujera ta taka!" Direba ya ce da ƙarfi. "Ke, ba kujera kika taka ba?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ba da ke nake magana ba?"

Bai taɓa dukanta ba tun da aka haife ta. Marin da ya sharara mata ya yi ƙara har wani jariri ya farka a ɗaki ya fara kuka. Ta dafe kunci, ba ta yi kuka ba, ta ce a hankali, "Kujera na taka."

Tsohuwa ta gyara zama ta dogara sandarta.

"To, ka gama? Ranar da matarka za ta tafi, kana wurin aiki, ɗaki-ɗaki ta bi ta yi mana sallama. Ni na riƙe mata jaka har bakin titi. Cewa muka yi bari mu zuba maka ido mu ga inda za ka tsaya." Ta miƙe da ƙyar. "Ƙarshen wata ka ba ni makullina. Zanen gadon kuma ka riƙe, na bar maka."

Matan suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tuna tana da tukunya a wuta. Direba ya sauke kayan daga igiya shi kaɗai, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

'Yar Baba ta zauna a ƙasa da rigar makarantar a cinyarta, tana kankare jan da farce. Shatin yatsunsa ya fito a kumatunta.

"Gobe zan saya miki sabuwa," ya ce.

Ba ta ɗago ba. Ta ninke rigar ta saka a jakar makarantarta, ta ɗora takalmanta a kai, ta ja zif.

"Baba, wace mota ce take zuwa unguwar su Kawu?"

Hanyar da yake bi ce kullum. Ya daɗe yana kallon jakar.

"Tawa," ya ce. "Ki shirya da wuri."