Babban Yatsan Don Abelardo

Damina ta kankama a garinmu Duitama ranar da dattijon da muke kira Don Abelardo ya turo kekensa cikin shagona, ruana ɗinsa, mayafin ulun nan, ya jiƙe sharkaf, gashin baki na ɗiga. Shekararsa saba'in da ɗaya. Tare suka yi tseren keke da marigayi mahaifina, wanda ya bar mini shagon nan, don haka ba ni da bakin korar sa ko da ya zo da rigima. Da ita kuwa yake zuwa kullum.

"Nubia, 'yar nan, taya nake so. Irin ta 'yan zamani, marar tub."

Na ajiye sifana na dube shi. Mutumin da ya shekara goma yana ce mini taya marar tub wasan yara ce!

"Baba, lafiya? Ko zazzaɓi ne?"

"Rufe mini baki. Ubanki ma bai kai ki surutu ba."

Ai na riga na san labarin, garin namu ba ya riƙe sirri. Lahadin da ta wuce ya yi faci a can saman dutse, inda hazo ke rufe gonakin dankali, ya zauna awa biyu cikin ruwa har sai da 'yarsa Yolima ta je ta ɗauko shi a mota. Ta kuma rantse a gaban maƙwabta cewa in ta sake ɗauko shi a bakin hanya, za ta rataye keken a rufin ɗaki, shi da hawa sai dai a mafarki. Yolima ba ta rantsuwar banza. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne awa biyun. Wannan tsohon da na sani yana canja tub kafin kofi ya huce.

Na sauko masa da tayoyi uku na shimfiɗa a kan benci. Nan take hannunsa ya tafi kan siririyar, marar nauyi, ta 'yan tsere.

"Wannan ta rani ce," na ce. "Tsakuwa ɗaya za ta tsaga ta, ruwa kuma shi ke kwaso tsakuwa da fasassun kwalabe ya zube su a gefen kwalta."

Ya ɗauki ta biyu, mai kauri.

"Ita kuma ƙusa ma sai ta yi da gaske, amma robarta busasshiya ce. A kwana mai santsi za ta kai ka ƙasa ba sallama."

Ta ukun ya ƙi ko taɓawa. Mai faɗi ce, milimita talatin, robarta mai laushi, tana kama jiƙaƙƙiyar hanya.

"Wannan ai ta masu tallan madara ce," ya ce yana yatsina fuska.

"Masu tallan madara kullum suna komawa gida da ƙafarsu, Baba."

Ya yi tsaki, ya zauna a kujerar mahaifina, wato ya yarda ke nan. Na aika a kawo masa ruwan mazarƙwaila mai zafi da cuku, na hau aiki. Ƙafafun keken sababbi ne, 'ya'yansa suka saya masa bara, suna karɓar irin tayar. Na naɗe rim ɗin, na sa bawul, na ɗora tayar, na ɗura farin ruwan nan mai kauri da ke toshe huda da kansa. Yana kallon komai kamar mai jiran in yi kuskure.

A wurin iska muka ɓata. Na tsayar da famfo da gejin auna iska ya nuna sittin da biyar.

"Ci gaba mana. Ɗari da ashirin."

"A ɗari da ashirin za ta fizge daga rim ta yi mana wanka da farin ruwa. Ko ba ta fashe ba, taya mai tauri tsalle take yi a kan ruwa."

"Shekara hamsin ina hawa ɗari da ashirin! Ni za ki koya wa iska?"

Hali zanen dutse. Tsofaffin 'yan tserenmu duka haka suke, a wurinsu taurin taya shi ne mutuncin mahayi, kuma ba su yarda da geji ba sai babban yatsa. Raina ya ɓaci, na turo masa keken.

"To bar gejin. Danna ta da yatsa kamar yadda kuke yi da babana. In ta lotsa, zan ƙara."

Da na san abin da zai biyo baya da ban faɗa ba. Ya ɗora babban yatsansa a kan tayar ya danna. Ba ta motsa ba. Ya gyara tsayuwa ya sake dannawa. Sai a lokacin na lura da gaɓoɓin yatsunsa, sun kumbura sun karkace kamar citta. Tayar da ni nake lotsawa ba wahala, shi ya kasa ko alama. Awa biyun nan ta fito mini fili: tub yana aljihunsa, ƙarfen cire taya yana hannunsa, hannun ne ya ƙi. Kunya ta kama ni, da tausayi, da haushin bakina.

Ya daɗe yana kallon yatsan. Ruwa na ta dukan kwanon rufi.

"Ta yi tauri," ya ce a hankali. "Bar ta haka."

"Na faɗa maka ai," na ce, na juya ina neman abin da bai ɓata ba a cikin akwatin kaya.

Ranar Lahadi ba na buɗe shago, amma na buɗe. Na share inda yake a share, ina leƙen hanyar da ta gangaro daga dutsen, ina kuma tsoron ganin motar Yolima ta nufi can. Matasa masu keke suka sauko rukuni-rukuni, duk sun yi baƙi da taɓo. Rana ta take tsaka ba shi ba labarinsa.

Wajen ƙarfe ɗaya sai ga shi, shi kaɗai, a hankali. Ya tsaya a ƙofar shago bai sauka ba. Ya nuna mini bayan keken: farin ruwan ya fantsama a jikin ƙarfen, ya bushe ɗigo-ɗigo har ƙarƙashin sirdi.

"A daidai wurin rannan," ya ce. "Na ji ta yi fiii, na ce shi ke nan, an rataye ni. Ban tsaya ba. Kafin in kai kwana ta yi shiru."

Na durƙusa zan duba iskar, yatsana ya kusa kai wa kan tayar. Sai na janye shi, na tashi na ɗauko geji.