Kunnen Hagun Yusha'u Mai Wankin Mota

A Tasawa, mutane kan ji isowar Yusha'u tun kafin su gan shi. Moto gare shi mai ƙafa uku, irin na ɗaukar kaya, ya ɗaure masa tano biyu, wato manyan ganguna na ruwa, a baya, da gurup mai ba da wuta, da injin feshi mai tiyo da bindiga a baki, da wani injin zuƙe ƙura da ya sayo kwance a Maraɗi. A can Maraɗin ya koyi aikin. Ya daɗe yana wanke motoci a wurin wani, sannan ya dawo gida da dabarar kansa: maimakon mota ta zo wurin wanki, wanki ne zai bi mota har inda take. Dabarar kuwa ta ci. Ma'aikatan gwamnati na kiran shi a salula ya same su a ƙofar biro, alhazan wake da gyaɗa na kiran shi gida, ranar kasuwa kuma ya ɗebi ruwa a famfo ya bi yashi zuwa Korgom ko Hawandawaki, inda direbobi da 'yan kabu-kabu ke jiran shi.

Abu ɗaya ne aibin kayan nasa, shi ne ƙara. Gurup ɗin tsoho ne, bututun hayaƙinsa ya tsage. Da zarar ya ja igiya ya tashe shi, awaki su watse, masu waya su toshe kunne ɗaya su bar wurin. Injin feshi ya ɗora nasa kukan, na zuƙe ƙura ya sa nasa siririn kuka mai shiga har cikin haƙori. Tiyon gajere ne, saboda haka a gindin injinan yake wuni. Idan an yi masa magana sai ya yi dariya ya ce ƙarar ita ce tallarsa, ba ya bukatar allo ko sanarwa a rediyo.

Matarsa Zahra'u ce ta fara lura. Mutumin da aka sani da magana a hankali ya koma yi wa mutane sallama kamar yana kiran wani daga wancan gefen gona. Rediyon da yake saurare da safe sai da maƙwabta suka daina kunna nasu. Wata rana ya dawo da azahar ta ajiye masa abinci, ya tsaya yana ɗaure tiyo, ta ce, "Baban Safi, tuwo ya huce."

Ya waiwaya wajen ƙofa. "Wa ya wuce?"

'Yarsu Safi ta yi ta dariya har ta ƙware. Zahra'u ma ta dara, amma da ya zauna ta ce masa ya kamata ya je likita a duba kunnuwan nan. Ya ce lafiyar kunnensa lau, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki idan za su yi magana. Abin da bai gaya mata ba shi ne, ya daɗe da wani ɗan gyare a cikin kunnensa na hagu, wanda ke fara kuka duk lokacin da wuri ya yi tsit. Kuma ya koyi wata dabara a wurin aiki: idan mutum ya yi masa magana gurup na aiki, sai ya dubi bakinsa, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, babu damuwa." Ai duk maganar masu mota ɗaya ce, a wanke da kyau, a kula da madubi.

Ana cikin haka ya tafi kasuwar Gidan Amumune, can ɓangaren Mayahi. Ya kafa kayansa a inuwar wata bishiyar bedi kusa da tasha, yana tsakar wanke wani moto sai ga Isufu direba ya kawo tsohuwar motarsa ta fasinja, ta sha jar ƙasa har ba a gane launinta. Fasinja sun sauka. Isufu ya zo kusa da shi yana magana yana nuna bayan motar. Yusha'u ya dubi bakinsa, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, babu damuwa." Isufu ya nufi wajen masu tsire.

Da ya gama da moton ya juya kan motar. Ya fara daga rufi, ya sauko gefe, jar laka na zuba, shi kuwa yana jin daɗin aikinsa. Ya zagaya ta baya ya ɗaga bindigar ruwan ya saita tagar ƙarshe. Ashe tagar ba gilashi ba ne, baƙar leda ce aka manna, ƙura ta rufe ta ta yi kama da sauran. Ruwan na taɓa ta ta yage.

Bai gane nan take ba. Ya dai ga masu sayar da rake sun miƙe suna ɗaga hannu, bakunansu a buɗe, ya ɗauka yaba aikin suke. Sai da wani Bafillace da ya zo sayar da tumaki ya ruga ya murɗe makunnin gurup, wurin ya yi tsit, sannan ya ji murya daga cikin motar tana salati.

Ya san ƙarfin ruwan nan. Ya ga yadda yake ɗaye fenti, ya taɓa tsaga masa fatar babban yatsan ƙafa ranar da ya yi aiki da silifa. Ya jefar da tiyon ya buɗe ƙofa. Wata tsohuwa ce zaune a kujerar baya, ɗankwalinta ya faɗa kujerar gaba, ƙwaryar furarta ta kife, ruwa na ɗiga daga haɓarta. Allah ya taimaka daga nesa ya tsaya, ledar kuma ta rage wa ruwan ƙarfi, ya bugi kafaɗarta ta kan mayafi, bai sami ido ko kunne ba.

Isufu ya iso da tsinken tsire a hannu. "Ban hwaɗa maka Gwaggo Hafsatu na ciki ba? Na ce ƙahwarta na ciwo ba ta iya sauka, na ce tagar ga leda ce, ka ce mani babu damuwa."

Yusha'u ya durƙusa a bakin ƙofar motar. "Gwaggo, ki yi mani aikin gafara. Wallahi ban san kina ciki ba."

Tsohuwar ta matse bakin mayafinta, ta taɓa kafaɗa, ta ɗaga hannun ta sauke ta ga yana aiki. "To, ai na yi wankan kasuwa," in ji ta. Masu rake da suka matso suka fashe da dariya. Sannan ta ƙara wata magana ƙasa-ƙasa. Yusha'u ya karkata kai ya miƙa mata kunnen dama, idonsa a kan leɓɓanta.

Ta dube shi da kyau. "Isuhu, bar yi mashi faɗa. Bai ji ka ba." Ta juyo ga Yusha'u, ta ɗaga murya daidai yadda ya kamata, kamar wadda ta saba. "Ɗan nan, na hagun ne ya mutu ko?"

"Bai mutu ba, Gwaggo. Ƙara ce ta yi yawa."

"Haka Malam Ishaƙu ke cewa. Mijina ke nan, Allah ya jiƙan shi. Shi ya fara kawo injin niƙa a garinmu. Irin karkata kan nan naka, nashi ne sak. Shekara da shekaru ban yi sirri da mijina ba, duk abin da na hwaɗa mashi sai maƙwabta sun riga shi ji. In mun yi faɗa, da safe mata su zo su ba ni gaskiya ko su ba shi." Aka sake dariya, ita ma ta murmusa. Ta karɓi ɗankwalinta daga hannun Isufu tana ɗaurawa. "Ranar da aka kawo mashi jikanshi na fari, ya riƙe shi, ya ga bakin yaron buɗe, ya tambaye ni kuka shikai ko hamma. Kana da iyali?"

Ya ce yana da mata da 'ya ɗaya.

"To, tashi ka ƙarasa wanke motar, amma ka bari in sauka tukuna."

Shi da Isufu suka tallafe ta suka zaunar da ita a benci cikin rana don ta bushe. Ya je ya sayo mata wata furar, ya samo sabuwar leda ya manna a tagar, ya ƙarasa wankin da guga da soso, gurup a kashe. A hanyar komawa Tasawa ya tsaya a wani wuri ya kashe moto don ya huce. Babu kowa, sai gonaki da aka girbe. Ya toshe kunnen dama da yatsa. Yana ganin tsuntsaye a kan wani gawo, bakunansu na motsi, amma kukan gyaren nan kawai yake ji.

Da ya isa gida ya ba Zahra'u labari tun daga farko, har da ɗankwalin da ya tashi. Ta yi dariya a inda ya dace, ba ta ce masa ai ta gaya masa ba. Washegari ita ta raka shi likita. Aka leƙa kunnuwan aka ce a tsabtace suke, aka tura shi Maraɗi inda ake gwaji da na'ura. A can aka sa masa abu a kai aka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Da aka gwada kunnen dama ya yi ta ɗagawa. Da aka koma na hagu ya zauna yana jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Likitan ya ce masa abin da ya tafi na hagun ba zai dawo ba, amma na daman da sauransa, in ya kiyaye shi zai kai shi tsufa.

Bai bar Maraɗi ba sai da ya sayi kaske na toshe kunne, ja, mai kauri, da tabarau na aiki, da takalmin roba mai rufe ƙafa, da dogon tiyo da doguwar waya. A Tasawa mai walda ya ɗinke bututun hayaƙin gurup. Yanzu can nesa yake ajiye moton da injinansa, ya ja tiyo zuwa wurin mota. Kafin ya tada komai sai ya buɗe ƙofofi duka ya leƙa, ya ƙwanƙwasa kowace taga da yatsa. Wanda ke da magana ya faɗa tun kafin a ja igiya, in kuwa ta taso daga baya, sai ya je ya kashe gurup ya cire kaske ya saurara. 'Yan kabu-kabu na Korgom da suka gan shi da jan abu a kai suka sa masa suna Matuƙin Jirgi, sunan ya bi shi har Mayahi. Wasu direbobin sun ce ya cika tsirfa, amma ba su daina kiran shi ba.

Zahra'u kuwa ta samo wa kunnen hagun amfani. Idan akwai maganar da ta san zai yi gardama a kai, kamar zuwanta biki Hawandawaki ta kwana biyu, sai ta zauna ta hagunsa ta faɗa a hankali. Ranar tafiya ya gan ta da jaka, ta ce, "Ai na hwaɗa maka, Baban Safi, ba ka ce komi ba." Sau biyu ta yi masa haka kafin ya gane. Daga ranar, duk lokacin da ya ga ta ɗauko kujera ta nufo hagunsa da fara'a, sai ya tashi da kwanonsa ya zagaya ya ba ta dama, ya ce, "Yawwa, ina jin ki. Bikin wa kuma?"