Ruwan Tsamin Hasiya

Shekarar da aka gina wa layinsu lambatun siminti a garin Jos, Hasiya mai koko ba ta yi murna ba. Ta san hukuma ba ta kawo abu ta manta da doka a gida. Haka kuwa aka yi. Mai shela ya zaga ya ce kowane gida kwata ɗaya za a haɗa masa, kuma ruwan wanka da na wanke-wanke kaɗai za su bi ta nan. Wanda aka kama yana sako ruwan sana'a, a toshe kwatar da siminti, a hana sana'ar.

Da kokon nan Hasiya ke ci da marayunta, Datti da ƙannensa, don haka ba ta yi wasa ba. Ruwan tsamin da take tsiyayewa daga gasara, a wani tsohon rami take juye shi, can ƙarshen gidan a gindin katanga. Ramin bai taɓa cika ba, ita kuma ba ta taɓa tambayar inda yake kai ruwan ba.

Duk da haka sai ga lambatu yana tashin tsami daidai ƙofarta. Badung duba-gari ya zo ya sunkuya ya shinshina, ya ce wannan gargaɗi ne, in ya dawo ya sake ji, koko ya ƙare.

Zarginta ya sauka kan Wuraola matar tela, wadda katanga ɗaya ta raba su. Kwatar Wuraola ce a sama, ruwanta ke gangarowa ta ƙofar Hasiya. Kuma kullum da sassafe sai ta gan ta da bokiti tana sheƙa ruwa a lambatu, tana waige-waige kamar mai satar kaza. Me ake ɓoyewa? Ai su Wuraola ma suna jiƙa masara su yi kamunsu. Hasiya ta ƙulla a ranta cewa so ake a kashe mata kasuwa a kafa wata. Gaisuwa ta koma ciki-ciki. Wuraola ta tare ta ta ce akwai magana, Hasiya ta ce tana da aiki a wuta. Alalar da Wuraola ta aiko mata ma kaji ta zuba wa.

Ran da Badung ya dawo, Hasiya ba ta bari ya sunkuya ba.

"Ranka ya daɗe, ga kwatar da za ka bincika," ta ce, tana nuna ta maƙwabciya. "Nawa gidan ma shiga, ba ni da abin ɓoyo."

Dabarar Badung sananniya ce. Bular wanki yake damawa, ya zuba a duk inda ake zubar da ruwa, ya fito ya ga ta inda shuɗi zai ɓullo. A gidan Wuraola bai sami ko ƙwayar jiƙaƙƙiyar masara ba. A gidan Hasiya kuwa, da kanta ta ja shi har bakin ramin, tana alfahari. Ya juye bular, aka fito aka tsaya.

Ba a jima ba shuɗi ya ɓullo ta kwatar Wuraola. Wani dattijon layin ya tuna cewa a da gidajen biyu gida ɗaya ne, ramin kuma bakin tsohuwar magudana ce da ta bi ta ƙarƙashin katanga.

Wuraola ta dubi Hasiya, ta yi magana da Hausarta ta 'yan koyo, ba faɗa a muryarta.

"Maman Datti, ruwan naka ne nake wankewa kullum, don kar oga ya ji wari. Na zo in gaya maka, ka ce kana aiki."

Badung ya ce doka ba ta san zumunci ba. Aka toshe kwatar Wuraola da ruwan ya fito ta cikinta, aka hana sana'ar Hasiya da ta haife shi.

Washegari Hasiya na zaune gaban tukwanen da ba wuta, Wuraola ta fito da ruwan wankan 'ya'yanta a ka, za ta kai bayan unguwa ta zubar. Ta tsaya ta ce mata ina kwana, kamar kullum. Hasiya ta buɗe baki za ta amsa, kuka ya riga ta.