Baba Shekari da Bigilar Ɗan Haya

Duk Sabon Gari an san Baba Shekari da ƙin bigila. Tun da ya ajiye aikin koyarwa aka sa shi cikin dattawan coci, ba a tashi taro bai ce a hana matasa busa wannan ƙarfe ba. A cewarsa, Allah ba kurma ba ne.

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, tun yana yaro yake sha'awar busa ta. Ga shi kuma Akinola, ɗan hayarsa mai gyaran rediyo a Samaru, shi ke riƙe da bigilar ƙungiyar matasa, kuma in zai fita a hannun Baba yake barin makulli. To, duk ranar da matarsa Mama Lucia ta tafi kasuwa, sai Baba ya shige ɗakin, ya tura ƙofa, ya cusa tawul a bakin bigilar, ya kumbura kumatu.

Wata bazara mai zafin gaske, Akinola ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya ƙage. Aka garzaya da shi asibiti, likita ya ce sanƙarau ne. Washegari da safe wata nas mai suna Janet ta sauka daga acaɓa a ƙofar gidan, ta tara mutane a gindin mangwaro.

Ta ce, "Kada hankalinku ya tashi, yana samun sauƙi. Na kawo maganin kariya ne, amma ba na kowa ba ne. Na wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ne, da wanda ya sa baki a abin da yawunsa ya taɓa a 'yan kwanakin nan. Gara kuma a sha yau, kada a jira gobe."

Baba ya yi lissafi. Ranar Talata Akinola ya yi busa da safe, shi kuma ya ɗauka da hantsi, bakin bigilar ko bushewa bai yi ba.

Ya gyara murya ya ce, "'Yata, ni fa? Ai gidan nawa ne."

"Kuna ci a kwano ɗaya ne, Baba?"

"To, wani lokaci."

Mama Lucia ta ce, "Yaushe? Kai da ka ce barkonon Yarbawa zai kai ka lahira?"

"To mun gaisa sosai. Hannu bibbiyu."

Janet ta yi murmushi. "Gaisuwa ba ta kawo shi, Baba. Kuma ba a shan wannan magani haka kawai." Ta zauna jiran Babatunde, wanda suke ɗaki ɗaya da Akinola, ya dawo daga asibiti ya karɓi nasa.

Baba ya koma kan benci. In ya yi shiru, sanƙarau. In ya yi magana, dattawan coci. Ya tuna an ce mai ciwon ba ya iya kai haɓa ƙirji, sai ya gwada. Ta kai. Can kuma ya ji kamar wuyan ya ɗan yi tauri, ya sake gwadawa. Haka ya zauna yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ana cikin haka Amaechi, shugaban matasa, ya shigo tambayar jikin Akinola. Da ya ji bayanin Janet, sai ya durƙusa nesa kaɗan da Baba, don ya san hali.

"Baba, tunda ga abin da haɗa baki ke jawowa, ko dattawa za su yarda a saya wa kowane yaro bigilarsa?"

Baba ko jin sa bai yi ba. Haɓa ta sauka ƙirji.

"Har da babbar ganga?"

Haɓa ta sake sauka. Amaechi ya fita da gudu kafin a canza magana.

Mama Lucia ta ga hanya ta buɗe. Ta matso ta ce, "Baban Christabel, zan je Kafanchan in ga jikokina." Ya gyaɗa kai. Ta ce ta gode.

Babatunde ya zo ya karɓi maganinsa. Janet ta rufe jaka, ɗan acaɓa ya tayar da babur. Baba ya ga rayuwarsa na shirin hawa babur ta tafi. Ya zabura, takalmi ɗaya a ƙafa.

"'Yata! Tsaya!" Ya kai baki kusa da kunnenta. "A ce mutum, wani mutum dai, ya ɗan taɓa bigilar nan da leɓe."

"Wace rana wannan mutum ya taɓa ta?"

"Talata."

Mama Lucia ta kwance bakin zane, ta fito da ƙullin magani. "Ga naka nan, tun ɗazu na karɓa maka. Ranar ce kawai ban tabbatar ba."

Baba ya saki baki. "Kin sani?"

"Duk layin nan wa bai sani ba? Da farko mun ɗauka akuyar gidan Uzoma ce. To an yanka akuyar tun Kirsimeti, kukan bai daina ba."

Janet ta danne dariya, ta yi masa bayani a hankali: ya sha safe da yamma har kwana biyu, kada ya tsorata in fitsarinsa ya koma kalar manja, in kuwa ya ji zazzaɓi ko ciwon kai ya zo asibiti nan take. Baba ya haɗiye na farko a tsaye, ya roƙi a rufa masa asiri. Matan gidan, da duk suka ji, suka yi alkawari.

Akinola ya warke ya dawo gida. Da sababbin bigiloli suka iso, Amaechi ya kawo ɗaya har ƙofar Baba, ya ce ta wanda ya fara amincewa ce. Baba ya ce zai ajiye ta ne kawai don kada ta ɓata.

Da la'asar ya fito da ita tsakar gida, ba tawul. Washegari Mama Lucia ta kama motar farko zuwa Kafanchan, ba ta kuma faɗi ranar dawowa ba.